Yadda Ake Haska Fim Makaɗa Na Kaɗa Kiɗansa Kai Tsaye

Akwai wani irin wasa da ya samu karɓuwa a manyan zaurukan kiɗa na duniya. Ana rataye ƙaton allo a saman dandamali, a haska fim daga farko har ƙarshe. Maganar 'yan wasa da ƙarar ƙofa da sukuwar dawakai duk suna fitowa daga lasifika kamar a silima, amma kiɗan da ke ƙarƙashin hoton an cire shi. Makaɗa saba'in ko tamanin ne zaune a ƙasan allon suna kaɗa shi da hannunsu, jama'a na kallo. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan zaure ya san yadda tsigar jiki ke tashi a wurin da a da bai ma lura akwai kiɗa ba.

Abin yana da tushe. Kafin fim ya fara magana a ƙarshen shekarun 1920, da makaɗa ake kallonsa: mai fiyano ɗaya a ƙananan gidajen silima, cikakkiyar ƙungiya a manya. Tun 1908 Camille Saint-Saëns ya rubuta kiɗa na musamman don wani fim a Faransa. Da sauti ya shiga jikin fim, dubban makaɗan silima suka rasa aikinsu. Nunin Napoléon, fim marar magana na Abel Gance, da aka yi a Landan a 1980, Carl Davis na jagorantar makaɗa, ya taimaka ƙwarai wajen farfaɗo da sha'awar. A 1987 André Previn ya jagoranci makaɗan Los Angeles suka kaɗa kiɗan Prokofiev a ƙarƙashin Alexander Nevsky, wanda fim ne mai magana. A 2008 kuma, a birnin Lucerne na Suwizalan, Ludwig Wicki ya yi haka da kashi na farko na The Lord of the Rings, daga nan ƙungiyoyin makaɗa da dama suka mayar da abin cikin shirinsu na shekara.

Kafin mu shiga matakai, riƙe abu guda: fim ba ya jiran kowa. Mawaƙi in ya ja numfashi makaɗa za su jira shi. Mai rawa in ya yi jinkiri madugu, wato jagoran makaɗa, zai sassauta masa. Majigi kuwa hoto 24 yake turawa a kowace daƙiƙa, ko an shirya ko ba a shirya ba. Duk wahalar da za ka sha a wannan aiki ta haɗa mutane masu numfashi da na'ura marar numfashi ce, kuma a yi hakan ba tare da kiɗan ya mutu ba.

Fara da izini, kafin zaure, kafin makaɗa

Sayen faifan fim ko biyan kuɗin kallonsa a intanet bai ba ka damar haska shi ga jama'a ba, balle ka cire masa kiɗa. Ƙofa uku za ka ƙwanƙwasa. Ta farko ta kamfanin da ya mallaki hoton. Ta biyu ta masu haƙƙin kiɗan, wato kamfanin da ke buga ayyukan wanda ya rubuta kiɗan, da ƙungiyar da ke karɓar kuɗin kaɗa kiɗa a bainar jama'a a ƙasar da za a yi wasan, irin su ASCAP da BMI a Amurka, PRS a Birtaniya, SACEM a Faransa, GEMA a Jamus. Ta uku ta masu takardun kiɗan, domin galibi haya ake bayar da su, ba a sayarwa.

In fim ɗin babba ne, an rage maka tafiya. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, kamar CineConcerts da Film Concerts Live! da Disney Concerts. Su suka riga suka daidaita da masu fim, suna ba ka abin a ƙunshe: hoton da aka cire wa kiɗa, takardun kowane makaɗi, bidiyon da madugu zai riƙa bi, sau da yawa har da ma'aikacin da zai zo ya kunna. Biya yakan zama kuɗi tsayayye, ko kaso daga tikiti, ko a haɗa biyun. Karanta yarjejeniyar layi-layi, domin a ciki za ka tarar da mafi ƙarancin adadin makaɗan da aka yarda da shi, da irin majigin da za a yi amfani da shi, da sharaɗin sai sun ga tallarka kafin ta fita, da hana ɗaukar wasan a bidiyo. Wasu ma sai madugun da suka amince da shi. Kada ka sanar da rana, kada ka sayar da tikiti ko ɗaya, sai an sa hannu. Ka ba wannan mataki shekara guda in da hali.

Mutane da yawa suna zaton haɗa gutsattsarin finafinai goma ya fi haska guda ɗaya sauƙi. A wajen makaɗa haka ne, a wajen izini kuwa ya fi wuya, domin kowane gutsure da mai shi. In shirin gutsattsari kake so, nemi wanda kamfani ɗaya ya riga ya haɗa daga finafinansa.

Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba yana da hanya biyu masu kyau, kuma ni su nake ba mai farawa shawara ya bi. Ɗaya ita ce fim marar magana na zamanin da. Da yawansu haƙƙinsu ya ƙare, amma doka ta bambanta: a Amurka shekara 95 ne daga fitowar irin waɗannan tsofaffin ayyuka, a Tarayyar Turai shekara 70 bayan mutuwar na ƙarshe cikin darakta da marubucin labari da marubucin zance da mawallafin kiɗan. Bincika dokar ƙasar da kake. Sannan kwafin da aka gyara aka wanke yana hannun ma'ajiyar da ta yi aikin, irin BFI a Landan ko Cineteca di Bologna a Italiya, kuma su ma sai da izininsu. Ɗaya hanyar ita ce ka haɗa kai da darakta mai rai wanda ke riƙe da haƙƙin gajeren fim ɗinsa, da mawallafi mai rai. Makaɗa goma sha biyu sun isa a yi wasa mai ratsa zuciya.

Karɓi sautin a rarrabe, ka duba shi da kunnenka

Sautin fim kashi uku ne: magana, ƙarar abubuwa, kiɗa. A finafinan zamani kowanne a ajiye yake daban, don haka abin da za ka nema shi ne na farko da na biyu, ban da na uku. Tsofaffin finafinai ne ke da matsala, domin sau da yawa an narkar da ukun a layi ɗaya, kuma cire kiɗan sai ƙwararru da manhaja ta musamman. Kada ka ɗauki wannan aiki da kanka. Ragowar tsohon kiɗa da ke leƙowa ta bayan magana tana karo da na makaɗanka, kuma duk zauren zai ji.

Zauna ka kalli kwafin daga farko har ƙarshe da takardar madugu a gabanka. Rubuta duk inda aka bar wani kiɗa a jikin fim da gangan: rediyon da ke kunne a cikin ɗaki, waƙar da ɗan wasa ke rerawa da bakinsa, ko sautin kwamfuta da goge da busa ba za su iya fitarwa ba. Waɗannan wurare su ne masu haɗari, don a nan makaɗa za su hau kan abin da aka riga aka naɗa. Tambayi a wane ma'aunin kaifin sauti aka naɗa su. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 440, wato yawan girgizar da sautin daidaitawa ke yi a daƙiƙa, amma ƙungiyoyi da yawa a Turai suna ɗaure kayansu a 442 ko 443. Bambancin kaɗan ne a takarda, a kunne kuwa rawa sautin ke yi kamar ana karkaɗa shi. Mai busa obo, wanda shi ke ba sauran makaɗa sautin da za su daidaita a kai, da mai gyaran fiyano, su san lambar tun kafin ranar gwaji.

Duba gudun hoton ma. Akwai kwafi mai hoto 24 cif a daƙiƙa, akwai mai 23.976, akwai mai 25 na talabijin. Tsakanin na farko da na biyu kashi ɗaya ne cikin dubu, amma a fim na awa biyu ya haura daƙiƙa bakwai. In bidiyon madugu yana kan ɗaya, na babban allo yana kan ɗayan, za a fara lafiya a ƙare a rabe. Finafinai marasa magana kuma da hannu ake juya kyamararsu, gudunsu yana kaiwa daga wajen 16 zuwa 24, don haka tambayi ma'ajiyar a wane gudu ta fitar da kwafinta, kuma mawallafi ya yi aiki da wannan kwafin kaɗai.

Makaɗa da takardunsu

Babbar ƙungiya takan ƙunshi masu goge kamar hamsin, daga ƙananan goge zuwa manya masu kaurin murya, sai masu sarewa da danginta, masu ƙaho da begila, masu ganguna, mai garaya irin ta Turai, da mai fiyano. Wani fim ɗin yana buƙatar mawaƙa su ma. Kowane yanki na kiɗa yana da lambarsa, irin 1M1 ko 3M2, lamba ta farko ta naɗin fim, ta biyu ta jerin kiɗan a cikinsa. Mai kula da takardu ya tabbatar lambobin gaɓoɓi, wato ƙananan rukunan bugu da ake raba kiɗa da su, sun zo ɗaya a takardar kowa, kuma juya shafi bai faɗo a tsakiyar gudu ba.

Ga abin da ake yawan mantawa. Kiɗan fim a sutudiyo ake naɗarsa guntu-guntu, minti ɗaya, minti uku, a huta, a sake, cikin kwanaki. Ba a rubuta shi don a kaɗa shi a zama ɗaya ba. A zaure kuwa masu ƙaho za su yi awa biyu suna busa da ƙarfi, leɓe kuma tsoka ne, yana gajiya. Ɗauki mataimaki ga mai ƙaho na farko, ya karɓe shi a wuraren hayaniya don ya ajiye ƙarfinsa ga inda zai busa shi kaɗai. Masu zama gaban begila da ganguna a ba su abin toshe kunne irin na makaɗa, a sa musu garkuwar roba mai haske a baya.

Zaure da allo

Allo ya hau sama da kan makaɗan baya, amma kada ya yi tsawon da na layin gaba za su wuni suna ɗaga wuya. Zagaya zauren ka zauna a kujerun gefe da na can sama. Duk kujerar da ba ta ganin allo gaba ɗaya, kada a sayar da ita. Siffar allon, wato faɗinsa in aka raba da tsayinsa, ta dace da ta fim: na zamanin da kusan murabba'i ne, 1.33 ko 1.37, na yanzu 1.85 ko mai faɗi 2.39. Rataya shi aikin ƙwararru ne masu takardar shaida, domin rayuka ne a ƙarƙashinsa.

Babban abokin gabar hoto shi ne fitilun makaɗa. Kowane yana buƙatar haske ya karanta, farar takarda kuma tana mayar da hasken sama, sai baƙin hoto ya koma toka-toka. A sa wa fitilun hula, a rage su daidai yadda ido zai iya, a shimfiɗa baƙin ƙyalle a duk inda ke sheƙi. Majigi ya zama mai ƙarfi sosai, ya fi a samu biyu a ɗora su kan hoto ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan na ci. In a cikin zauren zai zauna a yi masa akwati mai kashe ƙarar fanka. Kwamfutar da ke kunna fim ita ma biyu, suna tafiya tare, kowace da batirin da zai riƙe ta in wuta ta ɗauke. Manhajar QLab na cikin waɗanda aka saba amfani da su. Muhimmin abu shi ne hoton jama'a da na madugu da magana da bugun kunne, wato ƙwas-ƙwas ɗin da ke ba makaɗa lokaci, duk su fito daga tushe ɗaya, a kan agogo ɗaya.

Yadda madugu ke kama hoto

Nan ne zuciyar aikin. A gaban madugu, kusa da takardarsa, akwai ƙaramin allo da ke nuna fim ɗin da alamomin da jama'a ba sa gani. Wata sandar haske a tsaye takan fito daga hagu ta ratsa hoton zuwa dama cikin daƙiƙa biyu ko uku. Tana isa bakin dama sai farin ɗigo ya yi walƙiya a tsakiya, nan ne hannunsa zai sauka. Dabarar ta samo asali ne daga sutudiyoyin Hollywood, ana kuma danganta ta da Alfred Newman na kamfanin Fox. A wancan zamanin, da ƙarfe ake karce jikin fim a karkace don a samu sandar, a huda shi don a samu ɗigon. Yanzu kwamfuta ke zana su, a launuka daban-daban, a ƙara da lambar gaɓa a kusurwa. Ma'anar launukan takan bambanta daga shiri zuwa shiri, don haka madugu ya tambaya tun farko.

Hanya ta biyu ita ce bugun kunne, wani ƙwas-ƙwas da ke shiga iyafis yana ba da kowane bugu. Lissafinsa a fili yake: hoto 24 sau daƙiƙa 60 ya ba da 1440 a minti. Raba 1440 da yawan bugun da kake so a minti, ka san hoto nawa ke tsakanin bugu da bugu. Bugu 120 a minti, hoto 12 ke nan.

Wacce za a bi? Duka biyun, kowace a muhallinta. Inda ake gudu ko faɗa, ganguna na tafiya da sauri kuma kowane sara yana da nasa bugun, ko inda makaɗa ke hawa kan abin da aka naɗa, bugun kunne dole ne. Amma inda uwa ke sallama da ɗanta, masu goge na jan dogon sauti, a kashe shi. Madugu ya bi sandar haske, ya ja nan ya saki can, muddin ya iso ɗigon a kan lokaci. Ina da ra'ayi mai ƙarfi a nan: wasan da aka ɗaure shi da ƙwas-ƙwas daga farko har ƙarshe yana iya fita ba kuskure, amma ya rasa dalilin da ya sa mutane suka baro gidajensu. Sun zo ne su ji mutane suna numfashi tare da hoto.

Ba kowa ke buƙatar iyafis ba. Madugu, masu ganguna, mai fiyano, da shugabannin sassa sun isa a mafi yawan shirye-shirye. A sa a kunne ɗaya, ɗayan a bar shi yana jin maƙwabci. A rage ƙararsa, domin a wurin shiru makirufo yana ɗaukarsa, na layin gaba ma suna ji.

In aka rabu da hoto, kuma wata rana za a rabu, kada madugu ya yi tsalle. In ya ga lambar da ke allo ta wuce ta takardarsa da bugu ɗaya, ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan cikin gaɓa huɗu ko takwas har ya kamo. Jama'a ba sa jin irin wannan gyara, amma fizga ɗaya kowa zai ji ta. Ya kuma san wuraren da ba a sasantawa: buɗe ƙofa, faɗuwar takobi, yankewar hoto zuwa wani wuri. Ya zagaye su da jan fensir. Tsakaninsu yana da 'yanci. Duk wannan a gida ake koyonsa, makonni kafin ya ga makaɗi ko ɗaya, yana tsaye gaban kwamfuta yana kaɗa hannu ga bidiyon har ya shiga jikinsa.

Mai shirya nasa gajeren fim ga yadda zai ƙirga. A ce kiɗa ya fara, kuma a daƙiƙa ta 20 cif yarinya ta buɗe akwati, kana so duk makaɗa su sauka tare a nan. A gudun 120, bugu biyu ne a daƙiƙa, don haka bugu 40 sun wuce, buɗewar ta faɗo a na 41. In kowace gaɓa bugu huɗu ce, farkon gaɓa ta 11 ke nan, ya zauna daram. In da a daƙiƙa 19 da rabi ne, sai ka ƙara gudun zuwa wajen 123, ko ka rage bugu ɗaya daga wata gaɓa. Manhajojin rubuta kiɗa irin Sibelius da Dorico suna buɗe bidiyo a gefen takarda su taya ka lissafin.

A ji magana

Zauren kiɗa da gidan silima ba gini ɗaya ba ne. Mashahuran zaurukan kiɗa an gina su ne don sauti ya daɗe yana yawo, kusan daƙiƙa biyu kafin ya mutu, shi ya sa goge ke daɗi a cikinsu. Wannan amsa-kuwwar ita ke cinye magana, kalma ta hau kan kalma. Gidan silima kuwa an lulluɓe bangonsa don sauti ya mutu nan take. Kai kana buƙatar biyun a ɗaki ɗaya. In zauren na da labule masu kauri da ake saukewa, sauke wasu, ka saurara, ka ƙara ko ka rage. Lasifikar magana ta fuskanci kujeru kai tsaye, kada ta bugi bango ko rufi.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato duk mita 14 ya makara da hoto ɗaya. A dogon zaure na baya za su ga baki ya motsa kafin su ji kalma. Don su ji magana sosai, a sa musu ƙananan lasifikoki kusa da su, a jinkirta su daidai da nisan don kada su riga lasifikokin gaba. Majigi ma yana da nasa ɗan jinkirin. Gwajinsa da sauƙi: a kunna farin hoto guda tare da ƙara guda, ka tsaya tsakiyar zaure, injiniya ya yi ta matsawa har su faɗo tare.

A silima, in ɗan wasa zai yi raɗa, injiniya ne ke jan kiɗa ƙasa da yatsa. A nan mutum tamanin ne za su sassauta hannu. Madugu ya bi takarda ya rage ƙarfin da aka rubuta a duk inda magana ke da muhimmanci, makaɗa su rubuta da fensir. Injiniyan sauti ya zauna cikin jama'a, ba a ɗakin gilashi ba, da jerin wuraren da zai ɗaga magana. Kuma a sa rubutun zance a ƙasan allo ko da fim ɗin da harshen masu kallo yake. Wannan ya zama al'adar irin wannan wasa, kuma yana ba makaɗa damar buɗe wuta a inda ya kamata ba tare da labari ya ɓace ba. In kuɗi ya gaza, ni dai gara a rage girman allo da a rage ingancin lasifikar magana.

Gwaji

Lokacin ƙwararrun makaɗa da tsada, galibi zama biyu ko uku za ka samu, na ƙarshe shi ne cikakken gwaji. Kada ka ɓata na farko kana jiran a ɗaure waya. Allo da majigi da iyafis duk a gama gwada su kafin makaɗi ya shigo.

A zama na farko kada a bi fim a jere. Fara da yankuna mafi wuya tun hankali na sabo, ka tsallake duk inda babu kiɗa. Mai kunna fim ya iya zuwa kowace lamba nan take: madugu ya ce "4M3, daga gaɓa ta 25", a ba shi bugu huɗu ko takwas na shiri, a tafi. In hakan na ɗaukar minti guda kowane karo, rabin gwajin ya tafi a banza. Wani ya zauna can baya da takarda yana rubuta inda magana ta nutse.

Cikakken gwaji a yi shi kamar ranar wasa, da duhu, da hutun rabin lokaci, ba tsayawa. A nan makaɗa ke sanin tsawon shirun da ke tsakanin yankuna, wani ya kai minti goma, da lokacin da za su ɗaga kayansu ba tare da ƙarar kujera ba. Roƙe su kada su waiwaya kallon allo a gaban jama'a. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba su dama su kalli fim ɗin tun kafin ranar.

Ranar wasa

Rubuta a tikiti da talla shekarun da aka yarda su kalli fim ɗin, da tsawon wasan. Wurin hutu yawanci masu fim sun riga sun zaɓa, wani lokaci har da ɗan kiɗan da ke mayar da jama'a cikin labari. Kafin a kashe fitila, madugu ko mai gabatarwa ya yi magana ta minti ɗaya: a yi dariya, a yi tafi in jarumi ya fito, a ajiye waya domin haskenta na damun na kusa kuma ɗauka ta saɓa yarjejeniya, sannan a zauna har sunaye su gama wucewa. Da yawa cikin masu zuwa ba su taɓa ganin babbar ƙungiyar makaɗa ido da ido ba, kuma wannan 'yar maganar ke sakin jikinsu. Gaya wa mai fitilu kada ya kunna na zaure sai sautin ƙarshe ya mutu, domin kiɗan sunaye shi ne inda makaɗa ke da fili su kaɗai, kuma sau da yawa shi ne mafi tsawo.

Mutum ɗaya ne zai ba da umarni, wato mai kula da dandamali, yana haɗe da mai kunna fim da injiniyan sauti da mai fitilu ta iyafis. Ku yanke shawara tun da rana a kan abin da za a yi in abu ya lalace. In kwamfuta ta farko ta tsaya, a juya ga ta biyu ba tare da tambaya ba. In bugun kunne ya yanke, madugu ya ci gaba da sandar haske. In ƙaramin allonsa ya mutu, ya bi babban allo har yankin ya ƙare. In hoto ya ɗauke gaba ɗaya, ya sauke hannu, a ba jama'a haƙuri a taƙaice, a koma farkon yankin da ake ciki.

Bayan an tashi akwai sauran aiki. A tattara takardun kowane makaɗi a ƙirga su, a goge rubutun fensir in masu hayar sun buƙaci haka, a mayar a kan ranar da aka rubuta, domin jinkiri ko ɓatan takarda yana da tara. Kwafin fim a mayar ko a goge shi yadda yarjejeniya ta ce. A aika wa masu fim lissafin tikiti, a aika wa ƙungiyar haƙƙin kiɗa jerin abin da aka kaɗa. Sannan madugu da injiniyan sauti da mai kunna fim su zauna tun ba su manta ba, su rubuta tsawon da aka rataye allo, da labulen da aka sauke, da jinkirin da aka sa wa kowace lasifika, da yankunan da aka kashe bugun kunne, a ajiye a fayil ɗin zauren don shiri na gaba.